Akwatin da ke Cikin Rumbu

Lydia na cikin sussukar dawa ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ta tsayar da taɓarya. A shekarun nan na yaƙin basasa, mota ba ta shigowa Kusasu don gaisuwa.

Ƴan doka ne biyu, Saje Audi a gaba. Kafin ta jingine taɓarya har sun fito da ɗanta Andrawus daga ɗaki, ko riga babu, idanunsa jawur da barci. Na biyun ya saɓo doguwar na'urar hangen nesan nan da yaron ya zo da ita daga babbar makarantar Zariya. Maganar gaskiya, duk wanda ya gan ta sai ya rantse bindigar harbo jirgi ce.

"An ce a bakin daji kake kwana, ka saita wannan abu sama," in ji Saje. "Ga jiragen abokan gaba na yawo. Wa kake yi wa alama?"

"Taurari nake aunawa, Saje."

"Da mudu ko da tiya?"

Na biyun ya ƙyalƙyale da dariya.

Maimakon ya ba da haƙuri, sai Andrawus ya shiga bayani. Ka ji ɗan boko, a gaban mai kulki zai buɗe aji! Wai in hasken tauraro ya ratsa wani gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje ya fito da zane-zane kamar tsagar gado a fuska, da su ake gane abin da ke cikinsa. Taurarin da ke kan farar hanyar nan da ta ratsa sama ƙarfe ya yi musu yawa, waɗanda suka warwatsu can gefe kuwa tsofaffi ne, ƙarfensu kaɗan. Hoton zanen yake ɗauka a kan faifan gilashi.

"Madalla. Ina hotunan?"

Andrawus ya kau da kai.

Lydia ta san inda suke. Suna cikin baƙin akwati, a naɗe da bargo, a ƙasan rumbun marigayi mijinta. Nan ne ya fi ko'ina duhu, kuma mace ba ta shiga rumbun maigida, haka suka gada. Aikin rani guda ne cur, da sanyi da cizon sauro da kukan kuraye.

"Ba a buɗe su da rana," in ji Andrawus. "Ba a wanke su ba tukuna. Haske na taɓa su sun mutu. Mu je Zariya tare, a buɗe a ɗakin duhu, ka gani da idonka."

Fuskar Saje ta canza. "Abin da ba ya son rana? To shiga mota, ka yi bayani a gaba."

A gaba. Haka aka ce wa mai gyaran rediyo na garin Kuyello bara, har yau matarsa na fita bakin hanya in ta ji ƙarar mota. Tsoro ya kama Lydia. Ta dubi ɗanta, ɗaya tilo da ƙyanda ta bar mata. Ta san taurin kansa sarai, na ubansa ne. Zai shiga motar nan bai buɗe baki ba.

Ta ja turmi ta jingina da rumbu, ta taka, ta ture murfin. Matan maƙwabta da ke leƙe ta kan danga suka kama baki.

"Mama!" Andrawus ya juya harshe zuwa yarensu na Gwari. "Mama, don Allah kar ki yi. Ki bari, zan dawo."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta fito da akwatin, kanta duk ƙaiƙayi, ta dire shi a tsakar gida inda hantsi ya fi dukan ƙasa. Ta warware bargon, ta ɓalle murfin, ta yage baƙar takardar.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Duba duka."

Saje ya tsuguna. Ya zaro faifai ɗaya ya ɗaga wa rana, ya juya shi gaba da baya. Ya zaro wani, ya zaro wani, bai bar ko ɗaya ba. Gilashi ne kawai mai dishi-dishi, ba rubutu, ba taswira, ba jirgi.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya ce a ajiye wa yaron na'urarsa. "Tsohuwa, ɗanki ba maci amana ba ne, karatu ne ya taɓa shi. Kai kuma yaro, kan wannan ka so a tafi da kai? Ai babu komai a ciki."

Andrawus na tsaye yana kallon gilasan da aka baje a ƙasa, kaji har sun fara taka su.

"Haka ne, Saje," ya ce a hankali. "Yanzu kam babu."

Motar ta tashi. Lydia ta saurara har ƙararta ta ɓace a daji. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko rigarsa ta miƙa masa. Bai karɓa ba, bai kuma dube ta ba. Ta rataya masa a kafaɗa, ta bar hannunta a wurin.