Shafin Da Ya Ƙi Nuna Hoton Yaya

Shekara biyu kafinta da yayansa ba sa ga-maciji, duk a kan wata ƙofa da ɗaya ya auna, ɗayan ya yanke. Cikin fushi kafinta ya sa aka cire hoton Yaya daga shafin shagonsu na intanet. Shi kuwa Yaya ya kwashe kayan aikinsa ya yi gaba. Tun daga ranar shagon ya daina yi wa kafinta daɗi, amma a yanka shi ba zai faɗa ba.

Da dangi suka sasanta su, sharaɗin Yaya ɗaya ne, a mayar da hotonsa. 'Yar kafinta, wadda a gida ake ce wa Injiniya, ta gina sabon shafi fil a wani sabon wuri a intanet, amma da tsohon sunan, ta ɗora hoton a sama ƙato guda.

Da hantsi Yaya ya iso, ya toge a bakin ƙofa. Ya gyara tabarau, ya rubuta sunan shafin a wayarsa da yatsa ɗaya. Sai ga tsohon shafi ya buɗe, kafinta shi kaɗai rungume da kujera yana washe baki.

"Ai na san za a rina," in ji Yaya.

Kafinta ya yi sauri ya buɗe shafin. Ya miƙa masa tasa wayar. "Wallahi Yaya, ga ka nan!"

"A taka wayar. Ni za ka yi wa wayo?"

Injiniya ta taso daga kan benci tana kakkaɓe garin katako. "Baffa, ba wayo ba ne. Kowane shafi lamba gare shi, suna kuwa don mu mutane aka yi. In ka rubuta suna, wayarka takan tambayi kamfanin layinka lambar. Da safe na canza ta, amma kamfaninka ya haddace tsohuwar, ba zai sake tambaya ba sai bayan wasu awanni. Kamar ka tashi daga gida ne, mai kantin unguwa na ta nuna wa baƙi tsohon gidanka."

"Awa nawa?"

"Biyu, huɗu, wataƙila shida."

Yaya ya jawo kujera ya zauna daram. "To ina nan. Yau sai na ga ƙarshen ƙarya."

Ya danna waya, tsohon shafin ne dai. Ya sake dannawa. Can idonsa ya sauka kan teburin da kafinta ke haɗawa. Ya kau da kai, ya sake kallo, abin ya ci tura.

"Kai, wa ya koya maka haɗa ƙafa haka? Ba ni nan!"

Ya ajiye waya, ya naɗe hannun riga, ya karɓi guduma yana mita. Kafin azahar sun gama teburin sun shiga kabad, Yaya na faɗa, kafinta na cewa to. Rabon da faɗa ya yi wa kafinta daɗi haka har ya manta.

Injiniya ta matso ta raɗa masa, "Baba, na tuna. In Baffa ya hau intanet ɗin shago da wayarka ke kai, yanzun nan zai ga hotonsa."

Kafinta ya dubi yayansa, fensir saƙale a kunne, yana aune-aune. Ya riƙe hannunta.

"Kul, Injiniya. Bar shi ya jira."