Tsohon da Raihana Ta Hana Mutuwa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Malam Abdurrahim bai sake cewa uffan ba. Likita ya gaya wa Raihana, 'yar Malam, gaskiya: ba wanda ya san ko yana gane abin da ake faɗa. A riƙa yi masa magana, a zuba ido. Aka sallame su, suka koma gida Yalwawa.

Raihana ba ta iya hira da wanda ba ya amsawa ba. Sai ta ɗauko littafin da ya fi so tun yana koyarwa a Jahun, wani ƙaton labarin mutanen Sifen da aka fassara zuwa Turanci. Wani tsoho ne karatu ya juya masa kai, ya sa sulke mai tsatsa, ya hau ramammen doki, wai zai gyara duniya. Kullum bayan la'asar take karantawa, tana mayarwa Hausa saboda mahaifiyarta, Inna, da ke gefe tana tsince shinkafa. Inna ta ce mahaukaci dai mahaukaci ne, ko da Bature ne. Malam kuwa idonsa na kan silin.

Damina ta wuce, suka zo ƙarshen littafin. Raihana ta leƙa shafin gaba, ta ga tsohon ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba. Ba a kawo zancen mutuwa a kan majinyaci. Sai ta shiga ƙirƙiro nata da ka, idonta a kan takarda: zazzaɓi ya sauka, tsoho ya ci abinci, ya ce a ɗaura wa doki sirdi.

"Ƙarya."

Muryar ta fito a shaƙe, a karkace. Raihana ta ɗago.

"Baba?"

"Mutuwa... ya yi."

Inna ta ajiye faranti a hankali. Ta goge ido da bakin zani, sannan ta ce, "Malam, wata da watanni ina roƙonka ka ce ko da ruwa. Sai a kan gawar Bature za ka buɗe baki?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Ya nuna littafin da haɓa.

Raihana ta koma inda ta kauce. Ta karanta jinyar, ta karanta wasiyyar, ta karanta mutuwar, ba ta tsallake layi ba. Yana binta da ido har ta rufe.