Rakiyar Gwaggo Iska

Daren jiya na yi wani irin mafarki, amma kafin in ba ku shi sai kun ji abin da na kwanta da shi a rai.

Ni ɗan fari ne. Inna, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "kai wannan", in tana ba da labarina ta ce "wancan na wajenku". Na girma, na yi aure, har furfura ta fara leƙowa ina amsa "kai wannan". To bara sai ƙanwata Kuluwa ta rantse mini cewa ranar bikinta bakin Inna ya suɓuce ta kira sunana sau ɗaya, kuma mai ɗaukar bidiyo yana tsaye kusa da ita. Na samo kaset ɗin, aka juye shi a kwamfutata ta tebur, daga nan ya ƙarasa lalacewa. Sai dai kalangu ya danne muryoyin. Shitu mai gyara ya sa mini wata manhaja da ke tsame murya daga cikin kiɗa. Aikin awa guda ne, amma kwamfutar ba ta wuce minti arba'in sai ta yi zafi ta mutu. Shitu ya ce akwatin da take ciki ne ba ya shan iska, in sake mata wani, in kuwa na ci gaba da matsa mata wata rana za ta ƙone da abin da ke cikinta. Jiya na wuni a kasuwa ina duba akwatuna, na dawo ban sayi ko ɗaya ba, kaina ya ɗaure tamau.

Sai na gan ni a kan wata hanya da rana tsaka, na goya kayan cikin kwamfutar da zane. Jikinta zafi rau, tana ta haki a bayana. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce mini ya mai jiki, in ce da sauƙi, ko da yake babu wani sauƙi. A garin nan inuwa a saman bishiya take kwanciya, saboda haka dattawa duk suna can bisa rassa da tabarminsu suna hira. Ban yi mamaki ba, na dai gaishe su na wuce.

Wani mai shayi ya tare ni, ya roƙe ni in ɗan juya masa baya don iccensa ya ƙare. Na juya. Ya ɗora butarsa a kan goyona, kafin in gama karanta Ƙulhuwallahu ta tafasa. Haushi ya kama ni, na ce masa majinyaciya na ɗauko ba murhu ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce in je kasuwar akwatuna, in bi gabas har in gaji, daga nan in tambayi wanda bai sani ba.

Ina gajiya kuwa sai ga kasuwar. Akwatunan kwamfuta ne reras, kowanne ɗaure a turke kamar ragunan layya, wasu na cin dusa. Dillalin wurin wani jan gwada ne, ƙadangare mai jan kai, ya kafa hula ya saɓa rawani a kafaɗa. Na tambaye shi ko yana da akwati mai shan iska, ya gyaɗa kai. Na ce ko duk kayansa na banza ne, ya gyaɗa kai. Na ga dai ciniki da wannan sai an yi haƙuri.

Ya kai ni gaban wani na gilashi, gaba gilashi, gefe gilashi, cikinsa fitilu ja da kore suna ta wasa. Wallahi ya tafi da ni. Har na fara tunanin yadda maƙwabcina zai ji in ya shigo ya gan shi a kan teburina. Na fara kwance goyo ke nan dillali ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ce a nan garin ba a tarewa sai Gwaggo Iska ta zo ganin ɗaki.

Ba a jima ba ta iso. Ba ka ganin ta, mayafinta kawai kake gani da takalmanta, sai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zagaya akwatin gilashin sau uku tana neman ƙofa, ta samu wata 'yar tsaga da ko allura sai ta karkace, ta tura yatsa ta janye.

"Wannan kyan ɗan maciji ne," in ji ta. "A nan ko kaza ka ajiye, dafaffen ƙwai za ta saka maka."

Na ce mata ai akwatin yana da fitilu. Ta ce ita ba kallon biki ta zo ba. Aka kawo wani siriri, ta ce ba ta da wurin miƙe ƙafa, ko fanka ɗaya ba za ta zauna a ciki ba sai ta sunkuya. Aka kawo wani ƙato mai ƙofa a gefe guda kawai, ta yi tsaki ta juya masa baya. Can ƙarshen layi akwai wani baƙi, marar ado, gabansa duk huji kamar rariya, da raga siririya mai tare ƙura, bayansa da samansa kuma da taga. Shi ko turke ba a ɗaure shi ba don ba mai kula shi. Gwaggo ta shiga ta gaba ta fita ta baya, ta sake shiga ta sake fita, mayafinta na kaɗawa. Ta ce wannan shi ne gida. Ni dai raina bai so ba, amma na amince tunda babba ta yi magana.

Sai ga mu a cikin akwatin. Ashe gida ne sosai, da zaure da tsakar gida da ƙofar baya. Na sauke goyona a ɗaka na gyara mata kwanciya. Wayoyi sun cika tsakar gidan kamar igiyoyin shanya, Gwaggo ta harɗe da ɗaya ta kusa faɗuwa, ta wanke ni tas, ta ce wane irin magidanci ne ke barin igiya a hanyar baƙi. Na tattara su na ɗaɗɗaure na tura bayan katanga.

Dillali ya kawo fanka huɗu a cikin kwando, ƙanana, suna ta mutsu-mutsu. Kowacce na ɗauka sai ta tambaye ni, ciki ko waje? Biyun gaba na ce ciki. Da na zo kan ta baya da ta sama, sai na dakata. Na tuna abin da ke kwance a ɗakin nan. Kalma ɗaya ce tak, ga ta ba nauyi, in iska ta fita da ita ina zan gan ta? Kuma ni tun da nake ban taɓa ganin inda aka nuna wa baƙo ƙofar fita tun bai zauna ba, wannan ai rashin tarbiyya ne. Na ce da su duka ciki. Na cire hulata na toshe ƙofar baya, na ƙara da rigata 'yar shara. Na tambayi dillali ko na yi daidai, ya gyaɗa kai.

Na kunna kwamfuta ta fara aikinta. Da farko abin gwanin daɗi. Gwaggo ta shigo, ƙannenta suka shigo, 'ya'yan ƙannenta suka shigo, kowa da mayafi da takalmi, ina ta lale marhabin ina shimfiɗa tabarmi. Minti ashirin, tsakar gida ta cika. Minti talatin, an fara zama a kan cinyar juna, kuma fankokin ba su fasa jawo wasu ba. Duk wadda ta leƙa ɗakin majinyaciya sai ta fito da zafi a jikinta, ta rasa inda za ta kai shi, ta koma ta zauna da abinta. Mayafai suka jiƙe sharkaf. Wata daga ciki ta fara neman mafici, iska guda da ita. Kwamfutar ta koma hakinta, har na ji ƙauri-ƙauri.

Gwaggo ta kira ni. Muryarta ta dushe. Ta ce tun ɗazu suke jiran a yi musu rakiya, su ba sa tashi sai mai gida ya miƙe, kuma baƙo ai raɓa ne, in ya wuce hantsi ya zama wani abu dabam. Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya. Na ce tsoro nake ji. Na ce sunana ne a ɗakin can, a bakin mahaifiyata, shi ke nan guda ɗaya a duniya, kuma in ya bi su ya fita ban san yadda zan yi da raina ba.

Ta yi dariya har mayafinta ya zame.

"Ɗan nan, mu zafi kawai muke ɗauka. Tsaya a bakin ƙofa ka caje kowa. Amma ka yi sauri, saura minti biyu ta cika arba'in."

Na ruga na zare hular da rigar, na kama fankar baya na juya ta, na hau katanga na juya ta sama. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa a sauka lafiya, a gaida gida. Kowacce ta zo sai ta kwance ƙullin mayafinta ta nuna mini, ba komai ciki sai zafi, wata nata har da tururi. Ɗaya ce kawai na kama da cokalin shayi, shi ma ba nawa ba ne. Suna fita ta baya wasu sababbi na shigowa ta gaba, su leƙa majinyaciya, su ɗauki nasu su wuce, ba mai zama. Gida ya yi sanyi ƙalau, har dillali ya warware rawaninsa ya lulluɓa.

Minti arba'in ya wuce. Arba'in da biyar. Hamsin. Kwamfutar ta daina haki, sai wani ɗan gurnani take yi a hankali irin na kyanwa in ta ƙoshi. Na zauna a ƙofar ɗaki na rungume gwiwoyina, na kasa kunne.

Da awa ta cika sai kalangun ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Bangon ɗakin ya zama tsakar gidanmu na Funtuwa ranar bikin Kuluwa. Ga Inna nan tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ɗankwalinta ya karkace, tana waige-waige, da gani an ƙure ta. Tukunya na neman ƙonewa ba mai kawo ruwa. Ta dubi nan, ta dubi can, ta buɗe baki.

"Hashimu, kawo ruwan nan mana."

Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu, ta waiga ko wani ya ji. Ni kuwa na miƙe tsaye, hawaye na zuba ina dariya, na ce na'am. Na sake cewa na'am, Inna, ga ni nan. Na shiga neman bokiti, ina jin ana ta buga shi a wani wuri, ƙwan, ƙwan, ƙwan, na rasa ta ina.

Na buɗe ido gari ya waye. Mai ruwa ne ke buga ƙofar gida da murfin jarka. Matata Sa'adatu na tsaye a kaina da tsintsiya a hannu, tana kallona, ta ce wa nake ta amsa wa haka tun ɗazu, ita dai ba ta kira ni ba.

Na ce mata an kira ni.