Gwaji Ya Ce Babu

"Babu ita," in ji Tata, ta faɗo gidana da waya a hannu, mayafinta na jan ƙasa. "Yaya Hajara, gwaji ya ce Rhissa ba shi da korona."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Akokan. Mijinta Rhissa direban motar ma'aikata ne, har aka rufe ramin yuraniyom aka sallame su. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, an zura masa auduga a hanci, aka ce kowa ya nisance shi sai sakamako ya fito. Tata ta riƙa ajiye masa abinci a bakin ƙofa tana kuka.

Ran nan duk muka shiga ɗakin. Yana jingine da bango, numfashi na sarƙe shi, amma yana murmushi.

"Ƙurar rami ce kawai," ya ce. "Tunda ba mai yaɗuwa ba ce, a ɗauko mini Inna."

Mahaifiyarsa Dassin tana daji, inda fari ya ƙarar mata da awaki. Da ta zo, ba ta bar wa kowa jinyarsa ba. Ita ke ba shi fura a baki, ita ke share masa zufa da gefen zanenta. A kan cinyarta ya cika, ranar Laraba bayan la'asar.

Muna zaman makoki sai ga lokotoro, likitan da ya duba shi, da takunkumi a fuska. Ya tsaya daga ƙofa. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, shi ya sa ya aika da wani samfurin zuwa Yamai.

Ya dubi Tata. "Madam, korona ce. Ƙwayar cutar ta sauya kamanni. Na'urarmu alama ɗaya take nema a jikinta, kuma wurin ne ya canza, sai ta wuce ba a gane ta ba. Wa ya fi kusantarsa?"

Tun shekaranjiya Dassin ke rawar sanyi, mun ɗauka baƙin ciki ne.

"Ni na kira ta," in ji Tata a hankali. "Ni na ce mata ba komai."

Ta durƙusa ta faɗa wa tsohuwar da Buzanci. Dassin ta gyaɗa kai, ta nemi rawanin ɗanta ta naɗe a hammata, ta bi lokotoro zuwa mota tana dafa bango.

Da motar ta sha kwana, takalmanta na nan a bakin tabarma, ɗaya a kife.