Da'irar Zinariya

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. Kun wuce ta a matakalar makarantarmu ta Asabar a unguwar Jamaica, kuka kawar da kai, kuna sauri zuwa tasinku kada fasinjan filin jirgin JFK ya kuɓuce muku.

Zinariya ce, 'yar Barmo mai sayar da jakunkuna a titin Canal Street. Tun ranar da ya fita kasuwa bai dawo ba, ta daina magana, da Hausa da Turanci.

Ni nake koya wa yaran zane. Na kawo yashi mai launi, na nuna musu mandala, wato zanen da'ira, yadda maƙwabciyata 'yar Tibet ta koya mini: ka fara daga tsakiya, ka sa abin da ya fi tsaya maka a rai, ka yi ta kewaye shi a hankali. In ka gama ka share da hannunka, don ka san ba abin da ke dawwama. Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sai su yi tsit.

Zinariya daga waje ta fara. Zobe ja, ta rubuta Baba da yatsa. Zobe shuɗi, Mama, mai aikin kwana a gidan kula da tsofaffi. Tsakiyar ta bar ta fayau.

Na durƙusa ke nan zan tambaye ta, Alhaji Souley shugaban iyaye ya shigo.

"Malama Hasiya, bugun ƙasa kike koya wa 'ya'yanmu?"

"Zane ne, Alhaji. Dubi na yarinyar nan, magana take yi mana."

"Boko ya yi miki yawa. Ina tsintsiya?"

Ya share zanen nata tas. Zinariya ta ɗora yatsa a inda tsakiyar take, ta ce da wata murya dusasshiya, "Kawu, nan ne wurina."

Ba ta sake zuwa ba. Yashin ma na zubar. Amma duk Asabar in na buɗe ajin, wanda ni kaɗai ke da makullinsa, sai in tarar da da'irar a ƙasa, launin toka, ba ja ba shuɗi, ramin tsakiyar yana ƙara faɗi. A gefe, shatin ƙananan gwiwoyi biyu.

Wayar uwarta a kashe. Na buga ƙofar ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya amsa, sai ƙarar shara daga ciki, shar, shar. Mai gidan ya ce ba zai buɗe wa 'yar boko ba sai manya sun zo.

To, ku ne manyan. Ku ajiye motocinku, ku zo mu buɗe ƙofar nan yau.