Suna na Goma

Ni dai ban iya ganin abu ya karkace in yi shiru ba, kuma duk Ƙofar Guga an san ni da haka. Mijina Mahmud yakan ce da baki na sayuwa a kasuwa da tuni mun gina bene. Bakin nan shi ya sa aka ba ni sakatariyar mata a ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma shi ne ya kusa tona asirin gidaje tara a rana ɗaya.

Duk shekara ƙungiyar takan karrama mace ɗaya da ta fi hidimta wa jama'a. Sau biyu aka yi, sau biyun nan Hajiya Furera ce ta ɗauka. Tana da gidauniya, da mota mai hotonta a jiki, kuma duk azumi takan raba shinkafa. Ban ce ba ta bayarwa ba. Amma ba ta sakin buhu sai mai hoto ya ce ya ɗauka. Da idona na ga wata tsohuwa riƙe da kunnen buhu ɗaya, Hajiya riƙe da ɗayan, aka ce a sake domin tsohuwar ba ta yi murmushi ba. Tun ranar abin yake cina.

Bana na ce ba za ta saɓu ba, wai bindiga a ruwa. Na miƙa sunan Inna Kulu, mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa. Shekara goma sha biyu ke nan duk Juma'a tana dama kunu bokiti biyu a kai wa masu jinya a asibiti. Ana kuma raɗe-raɗin akwai gidajen da ba don ita ba da tukunyarsu ta daɗe da sanyi, sai dai ba wanda zai iya ce maka ga gidan.

Kada a ce don muna shiri ne. Ni da Inna Kulu kullum sai mun yi. Tiya biyu gare ta ta awo, sabuwa mai ƙyalli, da wata tsohuwa baƙa wadda duk ta lotse. Shekara biyun da Mahmud ya yi ba aiki, albashina na koyarwa kaɗai ke riƙe da gidan, kullum da wannan mummunar take auna mini. Hajiyoyi na zuwa sai ta jawo mai ƙyallin. Na sha gaya mata wannan raini ne, ita kuwa ko kallona ba ta yi. Sai in rama ta wajen ciniki, ba na tashi sai ta yi mini gyara. Na riƙa yi wa Mahmud alfahari da cewa gero tiya uku a hannuna yana kai inda tiya huɗu ba ta kai wata macen, saboda ni na iya tattali.

Ranar da kwamiti ya zauna, shugabanmu Malam Siddiq ya juya takardata gaba da baya. Tsohon ma'aikacin sakatariya ne, in ka ce masa gari ya waye sai ya tambaye ka fayil.

"Malama Ramla, ba a ba da lambar yabo da an ce. Hajiya ta kawo hotuna ɗari da ashirin. Ke mi kinka kawo?"

"Malam, kunun ga kowa ya san da shi."

"Kunu an sha ya wuce. Ki kawo mamu sunaye goma na waɗanda sunka amfana. Ranar taro ki karanto su a lasifika, su miƙe jama'a ta gan su. In babu, to babu."

Raina ya ɓaci, amma maimakon in ce masa wannan ba tsari ba ne, sai na ce zan kawo. Gaskiyar magana, a lokacin ba Inna Kulu ce a gabana ba, so nake in ga fuskar Hajiya Furera ranar da za a kira wani sunan.

Washegari na tarar da Inna Kulu a rumfarta tana tsince dawa a faifai. Muka gaisa, na tambaye ta kasuwa da ƙafar da ke damunta, ta tambaye ni yara da babansu. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta ɗago kai ba.

"Wa ya aike ki?"

"Inna, haƙƙinki ne."

"Ni hatsi nike saidawa, ɗiyata, ba na saida mutane. Katakon yabon ga da suke rabawa su ba Hajiya, tana da bangon ratayewa. In awo kike so ki hwaɗi, in ba ki so ki matsa, kin tare mini masu saye."

Na tashi kamar in fashe. Ka yi wa mutum gata ya watsa maka ƙasa a ido.

Rumfar da ke manne da tata ta Comfort ce, 'yar Filato mai sayar da manja, wadda kowa ke kira Maman Ayuba. Shekara goma sha huɗu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Na jira Inna Kulu ta tafi salla, na matsa wajenta, na ce kwamiti na son sanin gidajen da Inna take taimaka wa. Ban yi ƙarya ba, amma rabin maganar na faɗa. Comfort ta ɗauka wani tallafi za a kai musu a ɓoye. Ta sassauta murya tana faɗi ina rubutawa, har tara, sai ta ce iyakar abin da ta tuna ke nan.

Sunan farko shi ya fi ba ni mamaki. Rakiya ce, matar tsohon hedimastanmu, macen da ba ta fita sai da gogaggen hijabi, wadda ko gishiri ba ta taɓa aikowa a sam mata ba. Na yi mamakin, amma ban tsaya tunani ba. Na aika wa duka taran katin gayyata, ban ce musu komai ba.

Ranar Asabar ɗin taron, da hantsi, na koma kasuwa neman cikon na goma. Inna Kulu ta tafi wajen motar da ke sauke buhuna. Na ce wa Comfort ta taimaka ta tuno ɗaya, domin Malam Siddiq ba zai yarda in karanta tara a lasifika ba.

Ta ajiye mazurarin manjan da ke hannunta.

"Lasifika? Wane lasifika?"

Na yi mata bayani. Ban taɓa ganin ran Comfort ya ɓaci ba sai ranar.

"Malama, ke kin ci amanata. Matan nan su kansu ba su sani ba. Suna zuwa da kuɗinsu, suna saye, suna tafiya da mutuncinsu. Ke kuma za ki kira su a gaban dukan gari?"

"Yaya za a yi a taimaki mutum bai sani ba?"

Ta miƙa hannu rumfar Inna Kulu ta ɗauko tsohuwar tiyar. Ta cika ta da gero, ta juye a cikin sabuwar. Sabuwar ta cika ta yi tozo, geron ya ci gaba da zuba a faifai, ya taru har ya kusa rufe tsakiyarsa. Ta kifa tsohuwar ta nuna mini gindinta. Masu tauye mudu sukan buga gindin ya shige ciki. Wannan an kai ta wajen maƙeri ne ya buɗa ta, ya bugo gindin waje.

"Duk wanda Inna ta ga alamar gidansa ya yi zafi, da wannan take auna masa. In Allah ya buɗa masa sai ta koma sabuwa." Ta dube ni ido cikin ido. "Kina neman na goma ko? Shekara biyu ina zaune a nan ina jin ki kina zagin tiyan nan. Don kunyarki ne na tsaya a tara."

Ban san lokacin da na zauna a kan bencinta ba. Abin da na fara ji ba godiya ba ce, fushi ne. Fushin tsohuwar da ta bar ni shekara biyu ina tada jijiyar wuya a kan gyara, ta san abin da ta sani, tana jin zagina tana zuba mini. Na tuna alfaharin da na riƙa yi wa Mahmud, ashe tattalin nawa a gindin tiyar wata yake. Kunya ta rufe ni har na ji hijabina ya yi mini nauyi. Kuma wannan a gaban mace ɗaya ce, a cikin rumfa, ba lasifika. Takardar sunayen tana cikin jakata, katunan kuwa sun riga sun isa.

An kafa rumfuna a filin wata makaranta wajen hasumiyar Gobarau. Hajiya Furera ta kawo mutanenta cikin bas, mata talatin, an ɗinka musu hijabi iri ɗaya. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya, ana faɗin wadda mijinta ya mutu da wadda nata ya gudu, suna miƙewa kansu a ƙasa, jama'a na tafi. Ina kallo, na san da ba don Comfort ba da ni ce ta gaba a wannan aikin. Inna Kulu ba ta zo ba. Matan nan tara kuwa sun zo, sun sha kwalliya, suna jere a layi na uku. Rakiya har ta ɗago mini hannu.

Malam Siddiq ya kira ni, ya miƙo mini abin magana. Na buɗe takardar, na ninke ta.

"Suna ɗaya na kawo," na ce. "Ramla, matar Mahmud, Ƙofar Guga. Shekara biyu gidanmu ya ci daga hannun Inna Kulu. An ce mai buƙata ta miƙe jama'a ta gan ta. To ga ni tsaye. Mai hoto, ɗauka."

Filin ya yi tsit. Mai hoton ma sauke na'urarsa ya yi. Ban ambaci tiya ba, domin in na faɗa na kashe ta.

Malam Siddiq ya matso yana raɗa, amma lasifikar ta kwashe muryarsa. "Sauran taran hwa?"

"Babu su, Malam. Ka ji yadda wurin ga ya yi da suna ɗaya? Ni da bakina na hwaɗi nawa, kuma kunya ta ishe ni. Waɗancan talatin ɗin wa ya tambaye su? Yunwa ba laihi ba ce da za a tsai da mutum a gaban gari a karanto mashi."

Ya miƙo hannu zai karɓi takardar, na cusa ta cikin jakata na sauka. Da na koma gida a murhu na sa ta.

Kwamiti ya ce suna ɗaya ba goma ba ne, ƙa'ida kuma ƙa'ida ce. Aka ba Hajiya Furera karo na uku, aka sake hoton sau biyu domin katakon ya rufe mata fuska. Mahmud, wanda ke zaune cikin maza lokacin da na yi maganar, kwana uku yana fushi da ni, kuma ban ga laifinsa ba, asirin ba nawa ni kaɗai ba ne. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne a bakin ƙofar filin, inda Rakiya ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta ya ciko.

"Allah sarki, Ramla. Ashe haka kunka sha, ba ku hwaɗi ma kowa ba? Ai da ko yaya ne mun taimaka."

Na ce mata na gode.

Ranar Litinin na je awo. Inna Kulu ta amsa gaisuwata a daƙile.

"Na ji kin yi wa'azi."

"Inna, ki yahe mini."

"Tiya nawa?"

Na ce biyu. Ta jawo mai ƙyallin ta auna, ba ta ƙara ko ƙwaya ba, ni ma ban nema ba. Ina ɗaure bakin leda sai ga Rakiya da gogaggen hijabinta. Suka gaisa, suka ja ciniki, Inna Kulu ta miƙa hannu ƙarƙashin teburi ta ɗauko tsohuwar. Comfort ta daina zuba manja tana kallona.

Rakiya ta taɓe baki ta juyo wajena. "Kin gani ko? Ke an auna maki da sabuwa, ni kullum sai wagga lotsattsa, kamar kuɗina ba kuɗi ba ne."

Maganar ta zo mini har bakin haƙori, na haɗiye ta.

"Ai haka take, Yaya Rakiya," na ce. "Ki matsa mata ta yi maki gyara."