Taku Talatin da Shida

Isidora ta danna agogon da ke hannunta, ta rubuta talatin da shida a takarda. Takun mahaifiyarta ke nan, daga allon naɗa waya zuwa akwatin salatif da ke can ƙarshen zaure. Mahaifiyar tata, Dobrila, ta ɗebo naɗin salatif huɗu, ta miƙe baya, ta ɗan leƙa taga, ta juyo kamar ba 'yar cikinta ce ke biye da ita ba.

Sati uku ke nan da makarantar koyon sana'a ta garin Prokuplje ta turo ɗalibai sha biyu wannan masana'anta ta wayoyin mota, wai su koyi aiki ba ɓarna. An rataya musu fararen riguna, an damƙa su ga Injiniya Vukašin, wani ɗan Belgrade mai takalmi kamar bakin kifi, wanda bai taɓa naɗa waya ko ɗaya ba a rayuwarsa. Shi ya koya musu cewa tafiya asara ce, jira asara ne, sunkuyawa ma asara ce. Saura kaɗan ya sa numfashi a ciki. Ya kuma yi alkawari a gaban kowa: ɗalibin da shawararsa ta fi rage ɓata lokaci, kamfani zai ɗauki nauyin karatunsa na injiniya a birnin Niš. Sauran kuwa, ga alluna nan na jiransu.

Da aka busa hutu, matan layi na huɗu suka zauna da burek, wato fanke mai nama a ciki, da kindirmo. Stanka, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta tura farantinta gefe.

"Ke Dobrila, wai 'yarki me take ƙirgawa?"

"Aikin makaranta ne."

"Aikin makarantar uwar wa? Akwatin nan take hari, kina gani, ina gani. Da hannuna na tura shi can shekara tara da suka wuce, kina riƙe da gefe ɗaya."

Gaskiya ne. Awa takwas suke yi a tsaye wuri guda, ba kujera. Tafiyar ɗebo salatif ce kaɗai ke sa jini ya motsa a ƙafa, a kan hanyar kuma ake fakar ido a shiga bayan gida. Manajoji huɗu sun zo sun wuce, ba wanda ya gano, don ba wanda ya taɓa tsayawa a zauren ya kai minti goma.

"Ki gaya mata," in ji Stanka. "Yarinyar kirki ce. In ta ji dalili, da kanta za ta yaga takardar."

"Na san za ta yaga."

"To mene ne?"

Dobrila ta dubi ƙafafun Stanka, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu kamar igiyar shanya. Ta tsani Vukašin, ta tsani agogonsa, ta tsani malaman da suka miƙa masa yara yana koya musu leƙen asirin iyayensu da sunan ilimi. Amma duk tsanar nan ba za ta biya kuɗin ɗaki a Niš ba.

Ana komawa aiki sai ga gogan naka ya ratso layin, hannu a aljihu. Ya karɓi takardar Isidora, ya yi fito.

"Minti arba'in kowace mace, kowace rana. Yarinya, kin haƙo zinariya. Amma ka'ida ita ce a tambayi mai aikin tukuna, mu nan muna girmama ma'aikaci." Ya dubi katin ƙirjin Dobrila don ya san sunanta, ya ƙara gaba abinsa.

Isidora ta matso, fuska cike da murna, ta rage murya.

"Mama, don Allah me ya sa akwatin yake can nesa? In da dalili ki faɗa min. Ba na son in yi abin kunya ranar Juma'a a gaban alƙalan da za su duba shawarwarinmu."

Duk hannayen layi na huɗu suna aiki, amma kunnuwa na nan. Stanka kuwa ta daina naɗi ƙarara, ta zuba wa Dobrila ido.

Dobrila ta ja salatif, ta zagaya shi a waya sau uku, ta tsinke.

"Ba wani dalili," ta ce. "Sakarci ne kawai irin namu. Ba wadda ta taɓa tunanin matso da shi."

"Duk shekarun nan, Mama?"

"Ai shi ya sa ake tura ku makaranta. Rubuta."

Stanka ta yi wani dogon tsaki, ta juya wa Dobrila baya. Isidora ba ta ji ba, tana can tana zana ɗan ƙaramin akwati a gefen kowane allo, daidai inda hannu zai kai ba sai an ɗaga ƙafa ba. Da ta gama ta ɗago, ta gyara wa mahaifiyarta wuyan riga.

"Daga Litinin kin huta da wannan yawon, Mama. Kina tsaye komai zai same ki."

"Na gode, 'yata," in ji Dobrila.